Har Makabarta Ta Shiga Awon Igiya

Ana cin makabartu a ƙasar Kano. Ana yanka filayen idi ana raba su fuloti-fuloti. Ana baje kufai da katafila, ana cike tsofaffin rijiyoyi da shara, ana kayar da kukokin da suka ga kakannin kakanninmu. Kuma da rana tsaka ake yi, da tef da igiya da turakun siminti, a gaban mai unguwa, a gaban liman, a gaban kowa.

Wanda ya bi titin Katsina daga Dawanau zuwa Bichi, ko ya ɗauki hanyar Dambatta, ko ya ratsa ƙauyukan Ungogo da Minjibir da Gezawa, ba sai an ba shi labari ba. Inda ya saba ganin tsamiya da kanya sun yi wa makabarta inuwa, yau gidan bulo zai tarar. Burtalin da garke ke bi zuwa mashaya ya koma katanga da ƙofar ƙarfe, an rubuta lambar waya a jiki da jan fenti.

Jama'a, wai har yaushe?

Uzurin farko da ake kawo mana shi ne mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan. To, yaushe ne mutane ba su yi yawa a nan ba? Karkarar da ta kewaye birnin Kano ta daɗe a cike maƙil. Tun a shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya bi gonakin nan ya auna, ya nuna cewa kusan kowace gona nome ta ake yi duk shekara babu hutu, da takin gida da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni a mangala. Magidanci na riƙe da 'yar gonar da ba za ta kai shi baɗi ba, sai ya haɗa da saƙa ko fatauci ko cin rani.

Amma wannan manomin, duk da matsin da yake ciki, in ya zo bakin makabarta sai ya ɗaga fartanyarsa. In ya zo gefen burtali ya tsaya. Filin idi yana nan fetal shekara da shekaru, sau biyu kacal ake sallah a cikinsa, ba wanda ya ce asara ce. Sun san hurumi, sun bar shi hurumi.

An yi yunwar Ƙaƙalaba a 1914, mutane suka ci abin da ba a ci, suka faɗi a kan hanya. An yi farin 1973, shanu suka ƙare. Wane gari aka taɓa ji ya sayar da makabartarsa ya sayi gero? Masu yunwa sun haƙura sun bar wa matattu wurinsu. Sai mu, masu babura da wayoyi da rufin kwano, mu ne za mu ce talauci ya sa mu? Haɗama ce, a kira ta da sunanta.

Ga yadda ake yi, don kada wani ya ce bai sani ba.

Yawancin makabartun ƙauye ba su da katanga. Iyakarsu 'yan itatuwa ne, ko jerin gamba, ko abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Kabari in ya shekara ashirin sai ya kwanta, tudunsa ya baje, fasasshiyar tukunyar da aka kafa shaida ta nutse. Mai gonar gefe sai ya ƙara kunya ɗaya bana. Baɗi ya ƙara biyu. Ba wanda ya tanka. Kafin a farga abin da ya ci ya kai fuloti guda.

Daga nan sai dillali ya bayyana. Maganarsa ba ta wuce biyu: «Ai nan gefen ba a taɓa binne kowa ba,» ko kuma «Ai tsohuwa ce, an daɗe da daina kai gawa.» Akwai tsoho a garin wanda ya shekara arba'in yana haƙa kabari, wanda zai iya nuna maka da sandarsa inda aka sa wane da inda aka sa wance. Shi kaɗai ne ba za a kira ba. A rubuta takarda, a samo shaidu biyu, mai hatimi ya buga hatiminsa, a miƙa masa la'adarsa. An gama.

Mai saye ya zo daga birni da leburori. Ana haƙa harsashin gini, diga ta kai ƙafa uku, sai ta ci karo da itacen kabari, bayansa kuma ƙashi. Me ake yi? A ce wa mai haƙan ya rufa asiri. A tattara a buhun siminti, a kai can gefe a turbuɗe, a ƙara masa wani abu a kan kuɗin aikinsa. Washegari a zuba kankare.

Ƙashin nan na uban wani ne. An yi masa wanka, an yi masa sutura, an jeru an sallace shi, an kai shi makwancinsa da addu'a. 'Ya'yansa sun koma gida da yaƙinin sun ajiye shi a hannun jama'a. Ga abin da jama'a suka yi da ajiyar.

Kuma babu wanda zai fake da jahilci. Duk almajirin da karatunsa na zaure ya kai Muhtasar na Shehu Halilu ya san kabari hubusi ne a mazhabar Malikiyya, ba a tone shi muddin da sauran mamaci a ciki. Wa'azin da aka fi yi mana tun muna yara ya ƙunshi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai, ya la'anci mai gusar da alamar iyaka, ya kuma faɗi azabar da ke jiran wanda ya ci ƙasa da zalunci ko da taƙi ɗaya ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta a kan hukuncin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi, shekara wajen 200 da suka wuce. Mene ne ba a faɗa mana ba?

Abin da ya fi ciwo shi ne wanda ke buga hatimin. Masarauta ta ɗora mai unguwa da dagaci ne don su zama idon gari, su san iyakar kowa, su tsare abin da ba shi da mai tsarewa. Akwai waɗanda suka riƙe wannan amanar har yau, sun sha tsangwama a kanta, Allah ya saka musu da alheri. Amma wasu sun mayar da rawani lasisin dillanci. Zaurensu ya zama ofishin sayar da fili. An ba kura ajiyar nama.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka a karkara. Kano na da ƙananan hukumomi 44, kowace da jami'an filaye da ake biya albashi duk wata. A tambaye su: makabartu nawa ne a yankinku? Ina taswirarsu? Ina girman kowace? Filin idin garin kaza taku nawa ne a bara, taku nawa ne a bana? Jami'in da bai san amsar waɗannan ba, amma ya san farashin fuloti a kowace unguwa, aikin wa yake yi?

Sai uzuri na biyu, wanda ya fi na farko muni saboda an naɗe shi da rigar addini.

In aka zo kan tsohuwar kuka, ko tsamiyar da ke bakin gari, ko ɗan kurmin da ya rage a gefen rafi, sai ka ji an ce: «Ai wurin tsafi ne. Gidan iskoki ne. Sare shi ma lada ne.» Nan take kowa ya yi tsit, don ba mai so a ce yana kare shirka.

To, a ji da kyau. Babu wanda ya ce a bauta wa itace. Babu wanda ya ce a yanka wa dutse baƙin bunsuru. Wanda ya yi haka, malamai su yi masa wa'azi, aikinsu ne. Amma kukar nan ta shekara hamsin a kan hanyar masallaci, ana kaɗa kukarta ana miya, ana ɓare bawonta ana tufka igiya, mata na hutawa a gindinta ranar kasuwa, kishin tauhidin wani bai motsa ba. Sai ranar da mai gidan mai ya taya wurin, ko mai injin zarto ya yi wa tsamiyar kuɗi don gawayi, sannan aka tuna da iskoki. Wa ake yaudara?

Masu ɗan karatu a cikinsu sukan kawo tarihi. Su ce ai Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da shawarar Shehu Magili ya sa aka sare itacen tsafin Kano. Gaskiya ne, haka tarihin Kano ya nuna. Amma a ƙarasa labarin mana. Me aka yi a wurin? Hasumiyar masallaci aka gina. Wurin ya fita daga hannun matsafa ya koma hannun jama'a. Rumfa bai yanka shi fegi-fegi ya zuba kuɗin a aljihu ba. Wanda ya sare kuka ya sayar da gurbinta ya sake mota, kada ya kuskura ya jingina kansa da Rumfa.

In kuwa har shirka ce damuwar, wace shirka ce a makabartar Musulmi? Wane tsafi ake yi a filin idi? Wane aljani ne ke zaune a burtali? Hannun da ya sare tsamiya da sunan addini, shi ne dai ya buga hatimi a kan kaburburan masu sallah. Kuma a cikin masu wannan iƙirari akwai waɗanda in zaɓe ya gabato, ko shari'ar fili ta taso, motarsu ce ke fakewa da dare a ƙofar boka. Kowa ya san haka.

Akwai kuma maganar da ba a son yi. Har yanzu akwai Maguzawa a ƙasar Kano, Hausawa ne, ƙasarsu ce tun kaka da kakanni. Suna da makabartunsu da wuraren da suke girmamawa. Malaman jihadi, waɗanda ba wanda zai ce ya fi su kishin Musulunci, sun bar su a gonakinsu, suna karɓar jiziya suna ba su kariya. Yau wani ɗan kamasho da bai iya karanta Ahalari ba shi ne zai ce kabarin Bamaguje ba kabari ba ne? Zaluntar maƙwabci mai rauni zalunci ne, ko wane addini yake bi. Kuma wanda ya saba cin na Bamaguje ba a tanka ba, gobe na liman zai ci.

Kufai kuwa ko uzuri ba a nema masa, tunda ba mai tambaya. Wanda ya san karkara ya san alamarsa: tarin kukoki a tsakiyar gonaki, ƙasa ta yi tudu, fasassun tukwane birjik, wani wurin ramukan marina, wani wurin kashin tama da maƙera suka bari, wani wurin ragowar ganuwa. Gari ne ya zauna a nan, aka haihu aka mutu. Masana da suka bincika gindin Dala sun gano ana narka ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7. Me ke kwance a ƙarƙashin kufan Bichi da Tsanyawa da Kunchi da Makoda? Kafin a samu mai tonawa da ilimi, mai tifa ya riga ya kwashe ƙasar ya kai cikon gini.

A arewa da birnin Kano aka gwabza yaƙin Ɗanyaya wajen 1807, inda aka karya rundunar Sarki Alwali, mulkin Haɓe ya zo ƙarshe a Kano. Yara nawa ne a makarantun yankin nan za su iya nuna maka fagen? Fanisau, a nan Ungogo, ribaɗi ne na Sarki Ibrahim Dabo a yaƙinsa da Ɗantunku, a can Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. An saba hawan Fanisau duk shekara, a yi ado a hau dawakai a ɗauki hotuna. In an watse, wa ke komawa ya duba abin da ya rage na tsofaffin gine-ginen garin da hurumin da ke kewaye da su?

Ƙauye dai daga birni ya koya. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar Kano tsakanin 1095 da 1134. A 1959 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta hana taɓawa. A 2007 aka shigar da ita, tare da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin jiran hukumar UNESCO. Har yau a jerin jiran take. Sukur ta Adamawa ta shiga jerin gadon duniya a 1999. Kurmin Osun da ke Osogbo ya shiga a 2005, domin mutanen wurin sun tsaya a kansa lokacin da gari ke neman cinye shi. Mu kuwa muna jira muna rushewa. An yanka badala an gina shaguna da gidaje, an kwashe ƙasarta an yi bulo, an cike kududdufan da ke bayanta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta zamani.

A watan Disamba na 2024 UNESCO ta karɓi hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya, aka yi ta murna da taya juna barka. Madalla. Amma ta wace ƙofa ta asali dawakan za su bi nan da shekara ashirin?

Filin Idin Ƙofar Mata ma bai tsira ba. Wata gwamnati ta ba da shi aka gina shaguna, wata ta zo a watan Yuni na 2023 ta rushe su. Kotu ta yanke wa gwamnati diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kuɗin wa? Na talakan da ba shi da magani a asibiti. An sayar da hurumin jama'a, sannan jama'a suka biya tarar. To in filin idin da Sarkin Kano ke sallah a cikinsa ya shiga kasuwa, me zai hana dagacin ƙauye ya ga nasa ma haja ne?

Bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa, ko ma ji kunya.

A Ostireliya akwai 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, suka ƙwace musu ƙasa, suka kashe na kashewa, suka raba wasu da 'ya'yansu. Yau ba su kai kashi 4 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. A ranar 24 ga Mayu, 2020, kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa wasu kogunan dutse biyu a kwazazzabon Juukan, a yankin Pilbara, don ya faɗaɗa mahaƙar tama. Mutane sun zauna a kogunan nan tun shekara 46,000 da suka wuce. A ciki an samu wata tufkakkiyar igiya ta gashin mutum mai shekara wajen 4,000, wadda gwaji ya nuna na kakannin mutanen da ke raye a wurin yau ne, ƙabilun Puutu Kunti Kurrama da Pinikura.

Kamfanin yana da takarda. Gwamnatin jihar da kogunan suke ciki ta ba shi izini tun 2013, bisa wata doka ta 1972. Sa hannu ya cika, hatimi ya cika. Masu cewa «ai da takardata» su saurara: takarda ba ta halatta haram, a can ma ba ta wanke kowa ba.

Mutanen ba su ce Allah ya isa suka koma gida ba. Sun yi magana, sun sake yi, sun kai kuka majalisa, har masu hannun jari a kamfanin suka juya wa shugabanninsa baya. A watan Satumba na wannan shekarar aka sanar da cewa shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, da wasu manya biyu za su sauka. Majalisar ƙasa ta sa wani kwamitinta ya yi bincike. Kogunan dai ba su dawo ba, kuma sabuwar dokar kariya da jihar ta fara aiki da ita a watan Yuli na 2023, cikin 'yan makonni gwamnati ta sanar za ta soke ta saboda matsin masu gonaki da wasu masu ruwa da tsaki. Wato ko a can, doka ita kaɗai ba ta tsare komai sai da mutanen da suka ƙi gajiya.

Kuma sun saba da rashin gajiya. Ƙabilar Gurindji sun ajiye aiki a gandun shanun Wave Hill a 1966, ƙarƙashin jagorancin Vincent Lingiari, suka zauna daram suna neman ƙasarsu har aka miƙa musu wani yanki a 1975. Shekara tara. Dutsen Uluru an mayar wa masu shi a 1985, amma sai a watan Oktoba na 2019 suka samu aka hana 'yan yawon buɗe ido hawa kansa. Shekara 34 suna faɗa da baki ɗaya.

Ba aƙidarsu muke kira a ɗauka ba. Tsayuwarsu muke nunawa. Su 'yan tsiraru ne, abokin karawarsu kamfani ne da ya fi wasu ƙasashe kuɗi, gwamnati ba tasu ba, alƙali ba nasu ba, harshen kotu ma ba nasu ba. Mu fa? Mu ne gwamna, mu ne ciyaman, mu ne kansila, mu ne hakimi, mu ne alƙali, mu ne liman. Ba baƙon da ya tsallako teku ya zo ya tone mana kakanni. Ɗan garin ne, wanda kakarsa ke kwance a cikin makabartar da yake talla.

Shi ya sa, jama'a, laifin bai tsaya a kan dillali da mai hatimi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kun ga ana kafa turaku, kun kau da kai. Kun ce ɗan'uwa ne, kada a ɓata zumunci. Wanda ke kwance a kabarin ba ɗan'uwa ba ne? Kun ce babban mutum ne ya saya, ba a ja da shi. Sai ku taru a majalisa bayan isha'i ku yi ta gunaguni, gari ya waye kowa ya gaishe shi da ranka ya daɗe.

Mai saye ma ya daina yi mana kukan an cuce shi. Ka ga fili a bakin titi an karya masa farashi, ka ga kaburbura taku goma daga inda aka ja igiya, ka ga mutanen unguwa suna kallonka ba sa magana, ba ka tambaya ba domin ba ka son jin amsar. A nan za ka gina ɗakin da 'ya'yanka za su kwana, har da ɗan masallaci a ƙofar gida?

Ina 'ya'yan garin da suka yi arziki a kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau, da kuma Abuja? Ana gasar gina masallaci na huɗu a unguwar da na ukun bai cika sahu biyu ba, saboda za a liƙa suna a bango. Katangar makabarta ba a liƙa mata suna, shi ya sa ba mai so. Amma ranar da aka kawo gawar mahaifi daga birni, sai a ji ana faɗa wai wuri ya ƙure, ina hukuma take?

Ina masu mumbari? An shafe shekaru ana kai ruwa rana a kan saki da ƙablu, ana raba gari biyu. Huɗuba nawa aka yi a kan cin makabarta, a ambaci abin da ke faruwa a garin ƙarara, alhali mai yin yana zaune a sahun gaba? Ko don shi ya sayi janareton masallacin?

Ina matasa? Kowane gari da ƙungiyar ci gaba, da shugaba da sakatare da ma'aji. In an taɓa filin ƙwallo, kafin la'asar an cika ƙofar hakimi. Haka ya kamata. To makabarta ba ta kai filin ƙwallo ba ne?

Kuma abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Muna maraba da shi, muna son titi, muna son masana'anta, muna son ɗakunan ajiyar hatsi. Babu mai hankalin da ke faɗa da ci gaba. Amma duk inda aka ce tasha za ta zauna, dillalai kan riga jirgi isa. Garin da bai shata huruminsa ya rubuta ba kafin lokacin, zai wayi gari ya tarar an shata masa.

Aikin kuma bai fi ƙarfin kowane gari ba. Tsofaffin da suka san iyaka suna nan da ransu, amma kullum raguwa suke yi. A fita da su yanzu, a zagaya makabarta da filin idi da burtali da mashaya da kufai da tsohuwar rijiya, su nuna a kafa shaida a gaban jama'a. A auna a rubuta, kwafi ɗaya a wajen hakimi, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a wajen liman. A kai wa KANGIS, hukumar taswirar filaye ta jiha, ta sa a taswira. Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, a je a rubuta makabarta da filin idi a matsayin hubusin da ba mai ikon sayarwa. In ba kuɗin bulo, a yi gayya a dasa dogon yaro da bini-da-zugu a kewaye. Da gayya aka gina ganuwa, shinge ne zai gagare mu?

Wanda aka kama kuma a daina rufa masa asiri. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha, akwai kotu, akwai gidajen rediyo da talaka ke kai kukansa kullum. Masarauta kuwa ta san abin da ya dace da mai rawanin da ya sa hatiminsa a kan kabari: a tuɓe shi, a faɗi dalilin a fili, don na baya su ji. Jami'in da ya ba da shaidar mallaka a kan hurumi a kore shi a gurfanar da shi. Gini in ya hau kan kaburbura a rushe shi, mai saye ya bi wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa.

Jama'ar Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da Makoda da Minjibir da Ungogo, kada ku jira kwamiti daga birni. Juma'ar nan in an sallame, kada kowa ya tashi. Ku tsayar da mai unguwa da dagaci cikin ladabi, ku ce su zo su nuna muku iyakar makabartar garinku a gaban tsofaffi. Wanda ya taso ya bi ku, ku riƙe shi da mutunci. Wanda ya ce sai wani lokaci, ku kai maganarsa gaban hakimi ranar Litinin.